Ni Ce Matar da Aka Ɗauka a Taragon Mata

Zuwa ga Hajiya Shugaba
da 'yan kwamitin ƙungiyarmu ta matan Arewa mazauna Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Hajiya, ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki juriya a kan ɗawainiyar da kike yi da mu.

Kin san ni sarai, amma tunda ba ke kaɗai za ki karanta wannan takarda ba, bari in gabatar da kaina. Sunana Saratu, 'yar Birnin Kudu, malamar kimiyyar sinadarai a wata kwalejin ilimi a gida. Shekarata ta uku ke nan ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Ina zaune a unguwar Titiwangsa da maigidana da 'yarmu Nana, mai shekara bakwai. Ban manta ba, satin da muka sauka a garin nan ke kika aiko mana da kuka da daddawa da barkono, kika ce in ɗauke ki kamar yayata. Haka na ɗauke ki, kuma shi ya sa rubutun nan ya yi mini nauyi. Sau uku ina farawa ina gogewa.

Na rubuto a fili ne saboda abin da aka yi mini a gaban jama'a aka yi shi, da aka zo gyara kuma sai aka ce a yi shi a ɓoye. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Na ɗaya: laccar wayar da kai

Wata biyu da suka wuce, ranar Asabar, kwamiti ya shirya mana lacca a ɗakin taron rukunin benayen da kike zaune a unguwar Wangsa Maju. Batun shi ne dokokin da wasu ƙasashe suka yi, wasu kuma suke muhawara a kai, waɗanda suka ba mutum dama ya sauya jinsin da ke rubuce a katin shaidarsa da bayanin bakinsa, da kuma abin da hakan ke nufi ga wuraren da aka keɓe wa mata: banɗaki, ɗakin canza kaya, ɗakin kwanciya a asibiti, gidan yari. Na yi murna da aka kawo batun. Da yawanmu za mu je taruka a waɗannan ƙasashe, wasu 'ya'yansu can za su yi karatu, ya kamata mu san abin da duniya ke ciki.

Rabin farko na laccar ya yi ma'ana. A rabi na biyu ne aka koma nuna guntayen bidiyo, ba a faɗi ƙasar ba, ba a faɗi shekarar ba, ba a faɗi yadda maganar ta ƙare ba. Daga nan aka haska wani shafi a majigi mai taken alamomin da za a gane namiji idan ya saje da mata. Ina iya karanto su har yanzu: tsayi fiye da kima, manyan hannuwa, kaurin murya, gashi a haɓa, takalmin maza, da yawan rufe fuska da takunkumi ba tare da mura ba.

Hajiya, ina zaune a layi na biyu. Alamomi shida aka lissafa, kuma duk shidan ina da su.

Na ɗaga hannu na tambaya ko ƙasar nan tana da irin wannan doka, domin a iya sanina ba ta da ita, na kuma tambaya me zai faru da macen da Allah ya halitta da waɗannan siffofi. Mai laccar ta yi murmushi ta ce, “Ai 'yar'uwa, mace ta gaskiya ba ta ɓuya.” Aka yi dariya, aka wuce zuwa rabon shinkafa. Daga ƙarshe ke da kanki kika rufe taro da cewa kowa ta sa ido, wadda ta ga abin da bai kwanta mata ba ta sanar da 'yan'uwa a guruf.

Na biyu: abin da ban taɓa so in faɗa ba

Ban yi zaton akwai ranar da zan yi wa jama'a bayanin jikina ba. Tsayi na gado ne, haka duk gidanmu muke, kakata ta wajen uba sai ta sunkuya take shiga ɗakinta. Murya kuwa da gashin haɓa sun fara ne tun ina aji huɗu a sakandare. Sai da na yi aure likita ya gano wata lalura ce ta sinadaran jiki da ke damun mata da yawa. Ita ce ta sa na shekara shida kafin in sami Nana. Ina shan magani, ina ganin likita a nan duk bayan wata uku. Kowace safiya kafin in fita sai na tsaya gaban madubi da matsefata. Ranar da fatar ta yi ja ta kumbura, sai in sa takunkumi.

Takalmi kuma, duk wadda ta taɓa neman lamba arba'in da huɗu a sashen mata na kantunan garin nan ta san wahalar banza ce. Tun shekarar farko na haƙura nake sayen na maza, baƙi marar ado, doguwar riga ta rufe.

A makarantar kwana an yi mini laƙabi iri-iri. Na ɗauka na bar wannan a baya tun da na girma, na zama uwa, na zama malama.

Na uku: bidiyon

Kwana goma bayan laccar, ranar Talata da safe, na shiga jirgin ƙasa a tashar Titiwangsa kamar kullum, na nufi taragon mata. Ina tsaye riƙe da ƙarfe sai maigidana ya kira yana tambayar inda na ajiye rigar wasannin Nana. Na amsa masa, na kashe waya. Ban san akwai wata 'yar ƙungiyarmu a zaune a bayana ba, sabuwar zuwa da ba ta fi wata biyu a ƙasar ba, wadda ta halarci laccar amma ba ta san ni ba, ba ta kuma gane ni ta baya ba. Ta ɗauke ni bidiyo na daƙiƙa goma sha wani abu: bayana, hannuna a kan ƙarfe, takalmina, gefen fuskata da takunkumi, da muryata ina cewa a duba cikin kwandon wanki. Ta tura guruf ta rubuta, “'Yan'uwa ga abin da aka faɗa mana nan, har da Hausa yake ji.”

Ina lab, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, ban duba waya ba sai wajen azahar. Ƙawata Rifkatu, 'yar Filato da muke sashe ɗaya, ita ta shigo da sauri ta ja ni waje. Ta ce, “Saratu, zauna tukuna. Kada ki buɗe guruf ɗin, bari ni in gaya miki da bakina.” Ban saurare ta ba, na buɗe.

Na karanta komai, Hajiya, kuma na adana. Wata ta ce a kai wa 'yan sanda. Wata ta ce da ita ce a wurin da sai ta fizge hijabin kowa ya gani. Wata ta ce a tura wa mazajenmu su tare shi a tasha su koya masa hankali. Wata da muka yi buɗa-baki tare a gidana bara ta rubuta, “Kalli hannun nan don Allah, wannan ai na ɗan dambe ne.” Sai da Rifkatu ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan Maman Nana ce, ku ji tsoron Allah, sannan wurin ya yi tsit. Tsakanin tura bidiyon da maganar Rifkatu awa huɗu ne. A cikin waɗanda suka kalla akwai 'yan kwamiti uku da suka san wannan shuɗin hijabin nawa, suka san muryata. Babu wadda ta ce uffan.

Awa huɗu kuwa sun isa. Kafin la'asar bidiyon ya shiga guruf ɗin maza. Ranar Alhamis ƙanwata ta kira daga gida tana kuka, wai an turo shi a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarsu da rubutu a kai cewa ga yadda 'yan Arewa ke lalacewa a ƙasar waje. Ita ta gane ni. Har yau muna ɓoye wa mahaifiyarmu, saboda hawan jininta.

Na huɗu: matakin da kwamiti ya ɗauka

A nan ne ainihin ƙorafina yake. Yarinyar da ta ɗauki bidiyon ba zan faɗi sunanta ba, kuma ina roƙon kada kowa ya faɗa. Ta zo gidana ranar Juma'a, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, “Anti, wallahi tsoro na ji. Abin da aka nuna mana ne na gani, na ɗauka taimako nake yi.” Na yarda da ita, na yafe mata, har muka ci abinci tare. An ba ta jerin alamomi, an ce ta sa ido, an ce ta kawo rahoto guruf. Abin da shugabanninta suka ce ta yi shi ta yi.

Kwamiti kuwa abu biyu ya yi. Na farko, admin ta goge bidiyon ta rubuta layi ɗaya: a riƙa tantance labari kafin a yaɗa. Ba a ce an yi kuskure ba, ba a ce matar da ke ciki 'yar ƙungiya ce ba, ba a nemi waɗanda suka tura shi waje su bi shi da gyara ba.

Na biyu shi ne kiran da kika yi mini ranar Lahadi. Kin fara da ba ni haƙuri, na ji daɗi. Sai kika ce har yanzu akwai masu ƙananan maganganu, wasu na cewa me ya sa ba na cire takunkumi a taro, me ya sa ba a taɓa ganina a ranar ninƙayar mata ba. Kika ce don a kashe maganar gaba ɗaya, ko in kawo takardar likita ki nuna wa kwamiti, ko kuma, in ban damu ba, dattijai mata biyu daga cikinmu su keɓe da ni su tabbatar, sai su shaida wa sauran. Kika ce, “Don mutuncinki ne, Saratu, ba don komai ba.”

Kika tambaya ko layin ya katse ne. Bai katse ba. Ina tsaye ne a kicin ina kallon 'yar da na haifa bayan kwana biyu ina naƙuda, tana aikin makaranta a kan tebur. Na ce miki zan yi tunani. Ga amsata yanzu: ba zan kawo takarda ba, kuma babu wadda za ta duba ni. Na san ba da mugun nufi kika faɗa ba, na san neman mafita kike. Amma ki sake maimaita maganar a ranki, ki sa sunanki a inda nawa yake.

Na biyar: matsayina, don kada a juya mini magana

Na ji an fara cewa wai ina goyon bayan a buɗe wa maza wuraren mata. Ban faɗa ba, kuma ba ra'ayina ba ne. Ni musulma ce, ina son in sami inda zan cire hijabi in gyara alwala hankalina kwance. Ina budurwa an taɓa matse ni a cikin motar haya, wani ya yi abin da ya ga dama da hannunsa, na kasa ko ihu. Ranar da na fara ganin tarago na mata zalla a garin nan sai da na yi hamdala. Matan da ke tsoron a rasa irin waɗannan wurare ba mahaukata ba ne, ina cikinsu, kuma in an zo muhawara a kan waɗancan dokoki ina da tambayoyi masu yawa da zan yi wa masu goyon bayansu.

Amma tun da abin nan ya same ni na zauna na karanta abin da ɓangarorin biyu ke faɗa, abin da laccarmu ba ta ba mu ba. Na tarar maganar ta fi yadda aka kawo mana zurfi. Dokokin ba iri ɗaya ba ne daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai masu tsoron a cutar da mata, akwai kuma mutanen da ake maganar a kansu, su ma suna cewa tsoron duka da wulaƙanci suke ji. Ba sai na yarda da duk abin da wani ya faɗa ba kafin in san mutum ne. Kuma na tambayi kaina abin da nake so ku ma ku tambayi kanku: a ce wanda ke cikin bidiyon ba ni ba ce, a ce ɗaya ne daga cikin mutanen da aka yi laccar a kansu, shin da ya halatta a ce a tare shi a tasha a yi masa duka? A kowane tarago akwai hanyar kiran ma'aikatan jirgi, a kowace tasha akwai masu tsaro. Wadda ta ga abin da ya tsorata ta, can ya kamata ta nufa. Babu addinin da ya koya mana ɗaukar hoton mutum a ɓoye mu watsa, daga namu har na su Rifkatu.

Na shida: inda nake yanzu

Tun ranar Talatar nan ban sake shiga taragon mata ba. Na gwada sau ɗaya, ƙofa ta buɗe, na ga mata a zaune kowacce da waya a hannu, na tsaya a bakin ƙofar har jirgin ya tashi. Yanzu taragon kowa da kowa nake shiga, a cunkushe cikin maza da safe, jakata a ƙirji, ina addu'a har in sauka. An shirya lacca don a kare wa mata wurinsu, kuma a iya sanina mutum ɗaya tak ta fitar daga taragon mata, ni.

A makaranta na daina sallah a ɗan masallacin sashenmu da ake ce wa surau, sai in jira kowa ya fita in shimfiɗa darduma a bayan lab. Malamar da ke duba aikina ta tambaye ni sau biyu me ya sa babin da na yi alkawari bai iso ba, na ce mata rashin lafiya ce. Maigidana ya daina zuwa shan shayi wurin masu shagon shayi da ake ce wa mamak da abokansa, tun ranar da wani ya ce masa cikin wasa, “Malam, ashe kai ƙato ka ajiye a gida.” Bai gaya mini ba, matar wani ce ta gaya mini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na makon jiya. Nana ta dawo daga Islamiyyar ƙarshen mako ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata, sai ta tambaye ni da Turancinta, don Hausarta ba ta kai nan ba, wai gaskiya ne ni ba mamanta ba ce, babanta ne na biyu? Wata yarinya ce ta faɗa mata, ita ma a bakin manya ta ji. Na ɗauko hotunan ranar sunanta na nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta kalla, ta gyaɗa kai, sannan ta ce in daina raka ta har ƙofar aji.

Buƙatuna

Ba na neman a kori kowa, ba na neman a hukunta yarinyar nan. Ga abin da nake roƙo:

1. Kwamiti ya fitar da sanarwa da sunansa, a guruf ɗin mata da na maza, cewa matar da ke cikin bidiyon 'yar ƙungiya ce, an zalunce ta, kuma shafin alamomin da aka nuna a lacca kuskure ne, an janye shi. A roƙi duk wanda ya tura bidiyon wani wuri ya bi shi da wannan sanarwa. Na san ba za ta kai ko'ina da ya kai ba, amma a gwada.

2. A kafa doka a guruf: ba a saka hoto ko bidiyon kowane mutum da aka ɗauka ba da saninsa ba, ɗan ƙungiya ne ko baƙo.

3. A sake yin laccar. Muna da masu karatun shari'a a cikinmu, muna da likitoci, muna da malaman addini. A zo a faɗa mana abin da dokokin suka ce da inda suke aiki, abin da dokar ƙasar da muke zaune ta ce, da abin da mace za ta yi in ta ji ba ta aminta ba. A bar mutane su yi tambaya ba tare da an mayar da su abin dariya ba. Idan ana so, ni zan tsaya in yi bayanin lalurata, domin bayan abin nan mata biyu sun same ni a ɓoye sun ce su ma suna da ita, ɗaya ma ta ce ta fasa zuwa taronmu gaba ɗaya.

4. Wannan ke kaɗai ya shafa, Hajiya. Ki janye maganar dubawa, da bakinki, a gaban 'yan kwamitin da kuka yanke shawarar tare.

Ban fita daga ƙungiya ba, kuma ba ni da niyya. A ƙasar da ba tamu ba, ku ne dangina. Watanni kaɗan suka rage mini in gama in koma gida, ina so in tafi ina iya gaishe da kowa da zuciya ɗaya.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa shugabancinki ya zama hujja gare ki ranar gobe. Allah ya raya miki 'yan matanki uku, ya ba su ilimi mai amfani da mazaje nagari, ya kuma tsare su daga ranar da za su tsaya a gaban 'yan'uwansu mata suna rantsuwa cewa su mata ne.

Wassalamu alaikum.

Ƙanwarki,
Saratu (Maman Nana)
Titiwangsa, Kuala Lumpur